A bi turba ko a yanki daji? Muhawara kan hawan Chappal Waddi

Abba (Ƙofar Ƙaura):
Assalamu alaikum. Iyayena da yayyena na wannan zaure, ina neman shawara a kan wata tafiya da muka ƙudurta mu huɗu idan Allah ya kai mu hutun ƙarshen shekara. Muna son hawa tsaunin Chappal Waddi da ke jihar Taraba, wanda ya fi kowane tsauni tsawo a Nijeriya, mai mita 2,419, a cikin gandun dajin Gashaka-Gumti, daf da iyakar Kamaru. Abin da ya raba kanmu shi ne hanya. Biyu daga cikinmu suna son mu ɗauki ja-gora mu bi turbar da kowa yake bi. Ni da ɗaya abokin namu kuma mun duba hoton tauraron ɗan'adam a waya, mun ga wani doron tsauni da ya miƙe ta gefe, babu alamar turba a kansa, kuma ga dukkan alamu wanda ya tsaya a can zai hangi kwarin gaba ɗaya ta fuskar da masu bin turba ba sa gani. Wayata tana nuna inda mutum yake ko da babu sabis, na kuma sauke taswirar yankin. Shin akwai abin da zai hana mu yanki dajin da kanmu?

Kawu (Daura):
Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin a zo maganar hanya, a fara gaya mini abin da aka ajiye muku a can saman. Mutumin da iyakar hawansa Hasumiyar Gobarau, wadda ba ta wuce mita 15 ba, shi ne yake zancen mita dubu biyu da ɗoriya, kuma ma ba ta hanyar mutane ba?

Abba (Ƙofar Ƙaura):
Allah ya ƙara girma, Kawu. Babu abin da aka ajiye mana sai ganin ikon Allah. An haife mu a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ba mu taɓa tsayawa inda gajimare yake ƙarƙashin ƙafarmu ba, kuma tafiya a bayan ƙasa domin duba halitta ba baƙon abu ba ne a addininmu.

Tsohon Safiyo (Daura):
Alhaji, a bar yaro ya ga duniya, niyyarsa ba ta da aibi. Inda nake da magana shi ne hoton nan da ya dogara da shi. Na yi shekaru ina aikin awon ƙasa, kuma abu na farko da aikin ya koya mini shi ne hoton da aka ɗauka daga sama yana baje ƙasa kamar tabarma. Gangaren da akuya ma sai ta yi tunani kafin ta bi, a hoton zai fito tamkar fili. Koren da kake gani sumul yana iya zama ciyawar da ta fi ka tsawo, baƙin zaren da ya ratsa ta tsakiya kuma yana iya zama kwazazzabo mai zurfin bene uku da ruwa a ƙarƙashinsa.

Abin da ya kamata ka nema shi ne taswira mai layukan da ke nuna tudu da kwari. Kowane layi yana haɗa wuraren da tsayinsu ɗaya ne. Inda layukan suka buɗa, ƙasa ce mai sauƙin taka. Inda suka matsu da juna, gangare ne mai tsanani. Inda suka haɗe har ba ka iya ƙirga su, bango ne, kada ka nufe shi. Ka duba doron nan naka da wannan idon tukuna.

Sai kuma lissafin lokaci. Akwai wata tsohuwar ƙa'ida da wani mahayin duwatsu ɗan ƙasar Sikotilan mai suna William Naismith ya fitar a 1892, har yau ana aiki da ita: a ba kowace kilomita 5 awa ɗaya, sannan a ƙara awa ɗaya a kan kowace mita 600 ta hawa. Idan tafiyarku kilomita 10 ce da hawan mita 900, awa uku da rabi ke nan. To amma wannan lissafi na ƙaƙƙarfan mutum ne, a kan turba, ba tare da hutu ba. Da kaya a baya, a cikin ciyawa da duwatsu masu zamiya, ni nakan ninka shi biyu, kuma sau da yawa ninkin ma bai ishe ni ba. Rana a can ba za ta tsaya jiranku ba, awa goma sha biyu ce ko ƙasa da haka, sannan duhu ya rufa.

Injiniya (Sabon Layi):
Baba, tare da girmamawa, ni ina ganin ana neman a tsorata samari. Na'urar da ke cikin waya tana karɓar saƙo ne kai tsaye daga taurarin ɗan'adam, ba ruwanta da turakun kamfanin waya, kuma a buɗaɗɗen wuri kuskurenta bai wuce 'yan mitoci ba. Tana iya zana sawun mutum tun daga inda ya tashi, idan ya rikice sai ya bi zanen ya koma. Taswirar da kuke magana a kai mai layukan tudu ita ma akwai ta a waya. Ban da haka, kowace turba da ake bi yau akwai ranar da ba turba ba ce, wani ne ya fara taka ta. Kuma a faɗi gaskiya, ja-gora yakan so ya kai ka ƙololuwa ya dawo da kai ya karɓi haƙƙinsa, ba lallai ne ya damu da inda ya fi kyan kallo ba. Wanda ya kashe kuɗinsa ya yi kwana biyu a mota daga Katsina yana da damar ya ga abin da ya je gani.

Baban Hanif (Ƙofar Marusa):
Injiniya, abin da ka faɗa a kan na'ura gaskiya ne, amma bari in ba da labarin abin da ya same ni, tunda na yi hidimar ƙasa ina koyarwa a Gembu, hedikwatar ƙaramar hukumar Sardauna, a kan tudun Mambila.

Da farko dai, Abba, ka san nisan da kake magana. Daga nan sai Kano, sai Gombe, sai Numan, sai Jalingo. Daga Jalingo a bi ta Bali zuwa Serti, inda ofishin gandun dajin yake, sannan Mayo Selbe, inda mota take fara hawan nan mai lanƙwashe-lanƙwashe zuwa Maisamari da Nguroje da Gembu. Tudun kansa ya kai wajen mita 1,600, wato ya ninka tsayin Katsina kamar sau uku, shi ya sa ake noman ganyen shayi a Kakara. Ranar da na isa, da riga 'yar shara na sauka daga mota, kafin magariba haƙorana suna kaɗawa.

Wata Asabar mu uku muka fita, ba ma Chappal Waddi ba, wani tudu ne da muke hange kullum daga makaranta kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Hangen Dala ba shiga birni ba. Muka bar sawun shanun da muke bi domin ya yi mana zagaye, muka yanka kai tsaye. Mun isa sama bayan azahar, kallo kuwa ba a magana, tuddai kore shar suna bin juna har iyakar ganin ido. Muna zaune muna ɓare lemu sai wani farin abu ya taso daga kwari kamar hayaƙin gobara. Cikin minti goma ba na ganin wanda yake taku biyar a gabana. Muka tashi muka nufi inda muke zaton nan muka fito, muka yi ta tafiya kusan awa guda, sai ɗaya daga cikinmu ya tsaya cik ya nuna ƙasa. Ɓawon lemunmu ne a kan dutsen da muka zauna. Ashe zagaye muka yi ta yi, kowannenmu kuma zai iya rantsuwa cewa miƙewa muka yi.

Ɗayanmu yana da waya mai nuna wuri, amma sanyi da ɗaukar hoto sun cinye cajin tun muna sama. Yayyafi ya jiƙa mu, iska tana bugawa, abokina ya fara magana kamar mai maye. Abin da ya cece mu kukan saniya ne. Muka bi sautin muna lalube har muka faɗa wata ruga, wata tsohuwa ta zaunar da mu gefen murhu ta ɗumama mana madara a ƙwarya, mai gidan kuma yana dariya yana tambayar ta ina muka biyo. Da muka kwatanta masa, sai dariyar ta ɗauke. Da safe ya sa ɗansa, yaron da bai wuce shekara goma sha biyu ba, ya raka mu, yaron ya tsaya ya nuna mana inda sawunmu ya wuce cikin ciyawa. Tsakaninsa da bakin wani rami mai zurfi bai fi taku huɗu ba.

Abin da na ɗauka daga ranar shi ne, wurin da ɗan birni yake kira inda babu hanya, a wajen makiyayi cike yake da hanyoyi. Ya san wace ƙorama ake ƙetarewa da rani, wane gefe ne ƙasa take zaftarewa, wane kogo ne zuma ta kama. Sawun shanun da muka raina bai yi zagaye don wauta ba, ramin yake kauce wa.

Injiniya (Sabon Layi):
Allah ya kiyaye gaba, Malam. Amma ka lura matsalarku caji ce, ba na'ura ba. Ma'ajiyar caji guda biyu da waya biyu sun magance wannan.

Tsohon Safiyo (Daura):
Sun magance rabinta, Injiniya. Waya za ta gaya maka inda kake, ba za ta gaya maka ko taku goma na gaba za su ɗauke ka ba. Kuskuren mita biyar a titin Kano ba komai ba ne, amma a bakin kwazazzabo cikin hazo shi ne tsakanin rai da ajali. Kuma a cikin kwari mai zurfi ko ƙarƙashin kurmi, inda dutse da ganye suke tare sararin sama, kuskuren yakan ƙaru. Ni ban ce a bar waya a gida ba. A tafi da ita, a haɗa da kamfas irin wanda muke duba alƙibla da shi, da taswira ta takarda a cikin leda, a kuma koyi aiki da su tun a nan.

Maman Walida (Filin Samji):
Ni ma'aikaciyar jinya ce, zan yi magana a kan jiki, domin na ga hankalinku duk ya tafi kan hanya. Abba ƙanena, mutanenmu idan aka ce tsauni sai su tuna ƙarancin iska. Ciwon tsayi yakan fara damun mutane ne daga wajen mita 2,500 zuwa sama, da ciwon kai da tashin zuciya da rashin barci, maganinsa kuma shi ne a sauko. Chappal Waddi bai kai nan ba, saboda haka za ku yi haki, amma ba shi ne babban abin tsoro ba. Wannan matsalar masu hawa Kilimanjaro ce a Tanzaniya, mai mita 5,895, inda iskar da mutum yake shaƙa a ƙololuwa kusan rabin ta bakin teku ce.

Abin tsoronku sanyi ne haɗe da jiƙewa. Zafin iska yakan ragu da kimanin maki 6 da rabi a kowace mita 1,000 ta hawa. Tsakanin Katsina da wannan ƙololuwa akwai kusan mita 1,900, ka ga bambancin ya kai maki 12. Ka tuna asubar hunturu a nan da kake ƙin taɓa ruwan alwala, sannan ka cire wannan daga ciki, ka ƙara iska. Abin da Baban Hanif ya kwatanta na abokinsa da harshensa ya karye, alama ce ta jiki ya fara rasa ɗuminsa: rawar ɗari, tuntuɓe, magana ba kan gado, daga baya ma rawar ɗarin ta tsaya mutum ya ce barci yake ji. Idan aka kai nan, a cire masa jiƙaƙƙun kaya, a raba shi da ƙasa da iska, a rufe shi har kai, a ba shi abu mai ɗumi da zaƙi idan yana iya haɗiya. Yadin auduga da muke so, da wandon jins, idan suka sha ruwa ba sa bushewa, sai su riƙa zuƙe ɗumin jiki. Ku nemi rigar sanyi ta ulu, da rigar ruwa, da hula, da safa fiye da ƙafa ɗaya, ku ƙulle na canji a leda.

Sannan ga tambayar da nake so ku amsa tsakaninku da Allah. Idan ɗayanku ya yi targaɗe ko ya karye a kan doron nan, wa zai ɗauko shi? Ɗaukar babban mutum a kan gangare aikin mutum shida ne ko fiye, suna karɓa-karɓa, ku kuwa saura uku, a gajiye. A kan turba akwai fatan wani ya biyo, ko a aika ruga a nemo jaki ko doki. Inda babu wanda ya san kun bi, sai dai Allah. Haka saran maciji: ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure gaɓa tamau, ana hana wurin motsi ne a gaggauta zuwa asibitin da ke da allurar dafi. Asibitin da ya yi suna a wannan fanni yana Kaltungo ta jihar Gombe, ka auna nisan da kanka.

Ruwan ƙorama komai haskensa a tafasa shi, domin akwai dabbobi a sama da ku. Ku riƙe gishiri da sukari: ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa. Kuma kada wanda ya sa sabon takalmi ranar hawa, bororo zai zaunar da shi tun kafin azahar.

Kawu (Daura):
Hajiya ta gama magana. Ni da na je aikin Hajji na hau Jabalin Nur, mai tsayin kimanin mita 640, ga matakala an yi, ga mutane gaba da baya, duk da haka sau biyar ina zama, na kuma ga waɗanda suka fi ni ƙuruciya ana yi musu fifita. Tun ranar na daina raina dutse.

Alhajin Agadas (Mai'aduwa):
Ni ban san Taraba ba, amma na yi shekaru ina fataucin albasa da tafarnuwa ta Kongolam, Matamaye, Damagaram, Tanut har Agadas, kuma na hau Bagzan a ƙasar Azbin, inda ƙololuwar da ta fi tsawo a Nijar take, Idukal-n-Tagas, mai mita 2,022. A saman akwai ƙauyuka da lambuna, kaya kuma a kan jakai ake hawa da su ana saukowa. Dutse ne tsura, baƙo ba zai ga turba ba ko tana gabansa. Buzun da ya raka ni sai ya riƙa nuna mini 'yan duwatsu uku ko huɗu da aka ɗora kan juna, da santsin da kofaton jaki ya bari a jikin dutse. Alamomin nan su ne rubutunsu, kuma ba a rushe su, ba a kuma ƙara na wasa, domin wani zai biyo ya ɓata.

Abu biyu na koya a can da nake ganin za su yi amfani ko'ina. Ba a kwana a cikin busasshiyar ƙorama komai laushin yashinta, domin ana iya yin ruwa a wani dutse mai nisa da ba ka ma ga hadarinsa ba, cikin dare ambaliya ta iso. Na biyu, barin hanya ba a ko'ina yake zama jarumta ba. Bayan tawayen da aka yi a arewacin Nijar daga 2007 zuwa 2009, an bar nakiyoyi binne a wasu wurare, direbobi kan ɗora taya a kan sawun wanda ya riga su ne kawai. Taswira ba ta nuna irin wannan, sai ɗan ƙasa. Baƙo ko da idonsa makaho ne.

Malama (Ƙofar Durɓi):
Ina koyar da ilimin halittu, kuma ina so in ƙara wata fuska da ba a taɓo ba, wato haƙƙin wurin kansa. Gashaka-Gumti ba dajin da ba shi da mai shi ba ne. An mayar da shi gandun daji na ƙasa a 1991, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, shi ne mafi girma a Nijeriya, kuma ba a shiga sai da izinin hukumarsa. A cikinsa akwai ɓauna da dorina da gwaggon biri, da irin birin nan mai kama da mutum wanda ya yi ƙaranci a duniya. Kurmin da ke cikin kwaruruwan tsaunin shi yake riƙe ruwan da ke gangarawa kogin Taraba zuwa Binuwai. Wanda ya kutsa ba tare da jami'in gandu ba, doka za ta iya ɗaukarsa a matsayin mafarauci, kuma tunda tsaunin a kan iyaka yake, yana iya sauka ta ɗaya gefen ya tsinci kansa a hannun jandarmomin Kamaru babu takarda.

Al'adar yankar daji zuwa wuraren kallo da samarinmu suke gani a bidiyo ta fito ne daga wurare irin tsaunukan Alps na Turai da tsaunukan Amurka, inda sama da iyakar da itatuwa suke tsirowa ƙasa a buɗe take, ana ganin gaba, akwai taswirori masu inganci, akwai kuma jirage masu saukar ungulu na ceto. Duk da haka su ma suna da ƙa'ida: a taka dutse da tsakuwa, a guji 'yan tsirran saman tsauni domin suna ɗaukar shekaru kafin su farfaɗo, kuma idan ana da yawa kada a jeru a sawu ɗaya har a buɗe sabuwar turbar da ruwa zai bi ya zaizaye. A Kilimanjaro ma ba a yarda da wannan ba sam, dole sai da ja-gora mai lasisi, ta hanyoyin da aka sani irin su Marangu da Machame.

Injiniya (Sabon Layi):
Maganar izini da iyaka na karɓa, Malama, ban yi tunaninta ba. Amma har yanzu ban ji wanda ya amsa ɗaya batun nawa ba. Idan ja-gora ya ce shi iyakarsa turba, shi ke nan yaran nan sun yi asarar abin da ya kai su?

Baban Hanif (Ƙofar Marusa):
Ya danganta da yadda aka tunkare shi. Idan ka je masa da waya a hannu kana nuna masa ka fi shi sanin ƙasarsu, zai bi da kai turba ya yi shiru. Idan kuwa kuka sauka wajen Jauro ko Arɗo kuka gaisa yadda ya kamata, kuka ci abinci tare da mai rakiyar, sannan ka nuna masa doron da hannu ka tambaye shi ko ana zuwa can, za ka ji ɗaya daga cikin amsa biyu. Ko dai ya ce ai shanunmu can suke kiwo da rani, gobe sai mu bi, ko kuma ya ce ba a bi, ya gaya maka dalili. Kowace ka samu riba ce. Sau da yawa ma zai kai ka wani wurin kallon da ya fi wanda ka gani a hoto, domin shi ya san inda rana take faɗowa da safe. A yi ciniki da shi da 'yan dako a fili tun kafin a tashi, har da ƙarin kwana idan an ƙara, kuma abincinsu da abin rufarsu yana wuyanku.

Shawarata, ku kafa tanti a inda aka saba, ku hau ƙololuwa ta turba, washegari idan ja-gora da jami'in gandu sun yarda ku je doron ba kaya a baya, ku dawo ta sawunku. Ku tsayar da lokacin juyawa tun da asuba, misali ƙarfe ɗaya na rana, ko an kai ko ba a kai ba. Wannan ita ce ƙa'idar da ta fi wuyar cikawa, domin kullum sai ka ga kamar saura ƙiris.

Tsohon Safiyo (Daura):
Akwai kuma abin da zai iya lalata tafiyar ko da komai ya tafi daidai, shi ne lokacin da kuka zaɓa. A lissafi, wanda ya ɗara ƙasar da ke kewaye da shi da mita 1,000 yana iya hangen kilomita 110 da 'yan kai idan sarari ya yi garau. Amma ƙarshen Disamba tsakiyar hunturu ne, kuma ku Katsinawa ba sai an gaya muku abin da hazo yake yi ba, ranar da ya sauka ko ƙarshen layinku ba kwa gani. Yana kaiwa har can. Da damina kuwa, wadda a yankin ta fi tamu tsawo nesa ba kusa ba, ƙoramu a cike suke, ga gajimare, ga tsawa, kuma doron tsauni shi ne wuri mafi muni da mutum zai tsaya lokacin walƙiya. Idan ka ƙirga daga walƙiya zuwa ƙarar tsawa, kowace daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ce, idan bai kai daƙiƙa 30 ba, ka sauka daga tudu. Sarari ya fi wankuwa daf da ɗaukewar ruwa, wajen Nuwamba, sai dai a lokacin ciyawa ta kai maƙura kuma ruwa bai gama janyewa ba. Da rani ya yi nisa kuma makiyaya sukan ƙona ciyawa domin sabuwa ta tsiro, wuta kuwa ta fi gudu idan tana hawa tudu, saboda haka wanda yake sama da ita a cikin busasshiyar ciyawa yana cikin haɗari. Kowane wata da nasa, ku tambayi ofishin Serti halin da ake ciki kafin ku sayi ko da kilishi.

Kawu (Daura):
Kuma a tambayi lafiyar hanya. Mu da ke maƙwabtaka da dajin Rugu ba sai an koya mana cewa daji yana da wasu mazauna ban da namun dawa ba. Kada wani ya ce zai je duwatsun yammacin jihar nan gwaji.

Maman Walida (Filin Samji):
Gwaji ai ba sai an fita gari ba. Su cika jakar goyo da kilo goma, su riƙa hawa da sauka a matakalar filin wasa na Muhammadu Dikko (Karkanda) bayan sallar asuba, da takalmin da za su tafi da shi, har mako shida. Wanda gwiwarsa za ta ba shi matsala gara ta nuna tun a nan. Kuma su bar wa wani a gida takarda mai sunan ƙauyen da za su tashi, da sunan mai rakiya, da ranar da idan ba a ji su ba za a fara nema.

Abba (Ƙofar Ƙaura):
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na tura wa abokan tafiyata duk abin da aka rubuta. Mun yarda za mu fara ta Serti mu karɓi izini, mu ɗauki jami'in gandu da ja-gora, kuma mun cire maganar tafiya mu kaɗai. Doron dai ban fid da rai ba, zan yi yadda Baban Hanif ya ce, in tambaya a can. Wanda bai gamsu ba shi ne abokin nan nawa, yana cewa idan da rakiya to ba yankar daji ba ce. Saura maganar wata, domin biyu daga cikinmu ba su da hutu sai Disamba. Baba, na buɗe taswirar mai layuka kamar yadda kuka ce, kuma ta gefe ɗaya na doron layukan sun matsu har sun zama kamar baƙin zare guda, ta ɗaya gefen kuma a buɗe suke, sai dai akwai wani wuri a tsakiya da suka tsuke ta kowane ɓangare wanda ban gane ba.

Injiniya (Sabon Layi):
Ka turo mini hoton wurin in auna faɗinsa a kwamfuta. Idan ya haura mita ashirin, ina nan a kan bakana cewa ana wucewa.

Tsohon Safiyo (Daura):
Wannan tsukewar ta kowane gefe sirɗi ne, wato siririn wuya tsakanin tudu biyu, rami dama rami hagu, kuma iska ta fi ƙarfi a irin wurin. Faɗinsa a taswira ba zai gaya maka ko dutse ne ko ƙasa mai zaftarewa ba. Ka buga shafin a takarda babba, ka duba a gefe a ga mita nawa ce tsakanin layi da layi, ka zo mini da ita Daura ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ka taho da abokin naka da bai gamsu ba, da kamfas idan kuna da shi, mu fita bayan gari in ga ko za ku iya dawo da ni inda muka ajiye mota.